Ranar da Garmaho Ya Je Gayya

Allah Ya ba kowane gari rabonsa. Ɗanbatta ta samu kasuwa, Dawanau ta samu hatsi, Shanono ta samu shanu. Mu 'yan Rimin Ɗan Iya, da aka zo kanmu sai aka tarar kaya sun ƙare, shi ne aka ba mu Iliyasu. Kuma wallahi ba mu yi asara ba. Kasuwa takan tashi, hatsi yakan ƙare, saniya takan mutu, amma ilimin Iliyasu ko shekarun fari ba su rage masa cikin cokali ba.

Wanda bai ga fitowarsa da hantsi ba, bai ga fitowa ba. Wando ne mai matse cinya, in ya zo ƙasa ya buɗe, bakin kowace ƙafa ya isa kaza ta kwanta da 'ya'yanta. Takalmi mai dunduniya kamar turmi. Baƙin tabarau, ko da hadari ya rufe gabas. Gashi kuwa an tara shi ya yi sheƙar shamuwa, ga mataji soke a gefe kamar an manta fartanya a gona. Mahaifiyarsa, Allah Ya jiƙanta, Iliya take ce masa. Shi ya ce sunansa Mista Ilyas. Mu da muka san darajar manya sai muka raɗa masa Kunnen Duniya. Ya karɓa hannu biyu, don bai ga abin dariya a ciki ba.

Shekara goma sha biyu ya yi a Kaduna, a wani kamfanin gina gadoji, yana matsayin mataimakin babban injiniya, in ji shi. 'Yan cirani da suka gan shi a can sun tabbatar da haka: kullum yana taimakon injiniyan, shi ke wanke masa riguna ya goge. Da zamanin ostarati ya zo, lokacin tsuke bakin aljihu, kamfanin ya naɗe tabarmarsa, injiniyan, wanda Bature ne, ya fito da kayan gidansa ƙofa ya yi gwanjo. Aka saye firji, aka saye fanka, aka saye tukwane, har wani tsohon takalmi wari ɗaya sai da ya samu mai so. Abin da ya kwana uku a ƙofar ba wanda ya taya, shi ne garmaho da faya-faye huɗu. Haka 'yan ciranin suka faɗa, amma su jahilai ne. Gaskiyar magana, daga bakin mai ita, ita ce Baturen ya ja shi gefe da hawaye a ido, ya ce, "Ilyas, na duba Afirka kaf, kunnenka kaɗai zai iya riƙe waɗannan."

Sauran waɗanda aka sallama sun dawo gida da tarkace: wani keken ɗinki, wani bandir ɗin kwano, wani buhun masara biyu. Iliyasu ya dawo da wayewa. Matarsa Sauda ta buɗe akwati tana neman ko da turmin atamfa ɗaya, ta tarar da baƙaƙen farantai huɗu, kowanne da huji a tsakiya, ko miya ba za su riƙe ba. Ta mayar ta rufe. Mace ce mai haƙuri, irin haƙurin da ake jin ƙararsa a daka.

Shekarun nan ne da ruwa ya yi mana yaji sau biyu a jere. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Ana cin tafasa da dusa, kowa tunanin cikinsa yake. Mutum ɗaya ne a garin nan yake tunanin abin da ya fi ciki, wato zaluncin da duniya ta yi wa faya-fayensa.

Duk ranar kasuwa yakan ɗaura batirin mota a bayan keke, ya kai Ɗanbatta a yi masa caji. Wasu su dawo da mudun gari, shi ya dawo da wuta. Washegari bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a gindin durumin ƙofar gidansu, ya girke garmaho, ya jera faya-fayen kamar kayan ɗakin amarya, ya buɗe makaranta. Mutane na zuwa, don kallo kyauta ne, kuma yana mantar da yunwa.

Sunayensu na Turanci ne, kuma yadda zai karanta yau daban, gobe daban, don haka muka bi hoton da ke jikin kwali. Akwai Mai Tsani, inda aka jingina tsani a jikin gajimare. Akwai Mai Kujera, kujera ce a tsakiyar ruwa ba kowa a kai. Akwai Mai Kare, kare ne sanye da baƙin tabarau. Ado, ƙaton da ya fi kowa noma a garin ya kuma fi kowa tsokana, ya rantse karen ya yi kama da wani, bai dai faɗi ko wane ne ba. Na huɗun gara ta cinye kwalinsa tun makon farko, ya zama Tsirara.

"Jama'a," haka yakan fara, bayan ya cire tabarau ya hura masa iska, "wannan shi ake kira kiɗan rok. Ku sani, a ƙasar Turawa akwai wani babban allo da aka rubuta faya-faye ɗari da suka fi kowanne a duniya. Waɗannan huɗun ba sa ciki. Kun san dalili? Hassada! Masu allon sun ji Mai Tsani, cikinsu ya ɗuri ruwa, suka ce in muka sa wannan ina za mu kai na 'yan'uwanmu? To ni Ilyas na gyara. Mai Tsani ne na ɗaya a duniya. Mai Kujera na uku. Mai Kare na bakwai. Tsirara kuwa ya fi ƙarfin lamba."

"To wa ke na biyu, Kunnen Duniya?" in ji Ado.

"Na bar wurin a buɗe. Shi ake kira adalci."

Sai ya sauke allura. Wanda bai taɓa ji ba, ya ɗauki kuliyoyi biyu ya zuba a buhu ya jefa cikin maƙera ana tsakiyar ƙira, ya ji. Can sai mawaƙin ya kurma ihu kamar wanda kunama ta same shi a wurin da ba ya nunuwa. Ranar farko Inna Hure, tsohuwar da gonarta ke iyaka da tasu, ta fito da gudu ba mayafi tana salati, tana tambayar wa ya rasu. Akuyoyin gida uku suka tsinke igiya. Iliyasu kuwa ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa sama, yana kaɗa iska da ɗaya hannun kamar mai susar ciki.

"Kun ji wurin nan? Mutum ɗaya ne yake wannan da yatsu huɗu! In kun ji kanku ya yi ciwo, ba laifin kiɗan ba ne. Kunnen da ya saba da ganga kamar cikin da ya saba da dusa ne, in ya ci nama sai ya ɓaci."

Mai Kujera ya fi ba mu wahala, don shi sai ya yi shiru mai tsawo kafin ya fashe. Wani tsoho ya taɓa miƙewa a cikin shirun, yana tsammani an tashi.

"Zauna, Baba! Shirun nan ma kiɗa ne."

"To a bar mana shi, ɗan nan," in ji tsohon. "Shi ya fi daɗi."

Iliyasu ya girgiza kai don tausayi. Annabawa ma, in ji shi, ba a garinsu aka fara yarda da su ba.

Sai dai mai ilimi ma da gona yake ci. Mahaifinsu ya bar musu gona guda, shi da ƙaninsa Sama'ilu, can yamma da gari. A yankinmu kuwa gona ba abin wasa ba ce. Daga ƙofar gida har ƙofar wani garin ba inda za ka tofa yawu bai faɗa a kunyar wani ba. Duk shekarun da Iliyasu yake taimakon injiniya, Sama'ilu ne ke noma ta. Da babban wa ya dawo ya ce a ba shi, don zai kawo tsarin zamani, baffansu Kassimu, wanda shi ne babba a gidan, ya ce girma girma ne, a ba shi. Sama'ilu ya koma noman aro a gonar surukai. Shekarar farko gonar ba ta ba da komai ba, aka ce fari ne. Ta biyu ma aka ce fari ne, ko da yake maƙwabta sun ɗan tsinci abin kunu.

A ta uku ruwa ya makara, amma ya zo. Kowa ya shuka, har Iliyasu, ko kuwa a ce Sauda. Kowa ya yi noman firi ya cire ciyawar farko, ban da Iliyasu, don makon nan ne ya gano cewa kiɗan da ke bayan faifan Mai Kare ya fi na gabansa zurfi, kuma dole ne ya bayyana wa jama'a. Da aka kwana ashirin, harƙiya ta rufe gonar ruf, sai ka durƙusa ka buɗa da hannu kafin ka ga geron a ƙasa, siriri, rawaya, kamar mai jinya.

Ranar Talata aka yi ruwa mai kyau. Da yamma Baffa Kassimu ya zo gindin durumi, ya tsaya da sandarsa, bai zauna ba.

"Iliya, kashe wannan abin."

"Baffa, saura kaɗan ya kai wurin da..."

"Kashe shi. Na fito daga gonar ubanka. Laimar nan kwana uku za ta yi. In aka sauko daga Juma'a na je na ga ciyawa a tsaye, Sama'ilu zai karɓi gonarsa, kuma ba sake magana. Ba za a kwana da yunwa a gidan nan shekara uku saboda ihun wasu ƙatti da ba su san da mu ba."

Iliyasu ya yi murmushin wanda ya ga gari kafin a haife shi.

"Baffa, abin da ɗan ƙauye zai yi a mako, mai tsari a wuni yake yin sa. Jibi zan kira gayya. Irin wadda ba a taɓa yi ba."

A nan kam ya yi gaskiya.

Gayya ba ta yiwuwa sai da abinci. Abin da ya rage a rumbunsu dami uku ne na gero, wanda Baffa ya ba su don su ja zuwa kaka. Iliyasu ya ce a sauke duka. Sauda ta tsaya a bakin rumbun da hannu a ƙugu.

"Malam, in aka cinye wannan, me za mu ci har sabon gero?"

"Sauda, ke matsalarki ba kya hangen nesa."

"Ina hangen har ƙasan rumbun nan. Ga shi can, ina ganin daɓe."

Amma ta sussuka, ta surfa, ta daka. Labari ya zaga gari cewa akwai fura da nono da tuwo a gayyar Kunnen Duniya. A irin wannan shekara, ko kurma ya ji wannan kiran.

Ranar Laraba da rana sai ga Sabo Maiganga ya yi sallama. Duk gayyar da aka yi a garin nan shekara talatin, Sabo ne ya kaɗa ta. Aikinsa ba ɓoyayye ba ne: yana bin bayan manoma da gangar noma, kunya bayan kunya, kuma kowane namiji a garin yana da takensa, wato kiɗan da yake nasa shi kaɗai, wanda galibi na ubansa ne ya gada. In Sabo ya ga hannun mutum ya fara sanyi, sai ya matso bayansa ya saki takensa, ya kira ubansa da kakansa. Namijin da ya ji takensa bai amsa ba, gara ya ɗaura zane.

"Ranka ya daɗe, na ji za a yi aiki gobe, na ce bari in zo in ji ƙarfe nawa."

Iliyasu ya dube shi ta saman tabarau.

"Malam Sabo, na gode. Amma zamanin fatar akuya ya wuce. Kai sanda ɗaya kake bugawa. A cikin Mai Kujera akwai mutumin da ke buga ganga bakwai lokaci guda, har da ƙafa. In mutanen nan suna noma kunya goma da naka, da nawa za su noma saba'in. Lissafi ne. Ka je ka huta, gobe ka zo ka ga yadda ake yi, ko ka ƙaru."

Sabo ya ce, "Allah Ya ba da sa'a." Ya saɓa gangarsa. An ga dai bai nufi gida ba, gidan Inna Hure ya shiga, wadda ita ma ciyawa ta fara cin ƙarfinta, ba ta da kowa sai jikoki uku da za su taya ta washegari.

Alhamis da sassafe mutum ashirin da shida suka hallara da fartanyoyinsu. Da Sabo ne, da tuni an duƙa tun raɓa ba ta bushe ba. Amma mai gayya ya ce a fara shan fura, don kunne ba ya ji in ciki na kuka. Aka sha, aka suɗe ƙwarya. Sannan ya hau kan gidan tururuwa ya yi jawabi.

"'Yan'uwana manoma! Yau tarihi zai san da Rimin Ɗan Iya. Abin da Landan ta ƙi, abin da Amurka ta raina, yau ku za ku ba shi matsayinsa. Zan fara da Mai Kujera don a shiga a hankali, sannan Mai Kare, sannan in jini ya ɗumi, Mai Tsani. Tsirara sai wanda ya cancanta."

Ya yi bayanin kowanne, da tarihin hassadar da aka yi masa. Kafin ya sauko rana ta yi tsawon gora biyu.

Ya girke kayansa a gindin gawon da ke tsakiyar gonar. Ya tuna da rani ya taɓa zama a nan, inuwa lumshi. Abin da shekara goma sha biyu na guga suka goge masa a ka shi ne, gawo ba ya bin sauran itatuwa: da rani yake ganye, da damina ya kaɗe tas. Yaron goye ma ya san wannan. Mutum ashirin da shida suka ga ya jera faya-faye a ƙarƙashin busassun rassa, kowa ya dubi ɗan'uwansa. Wa zai koya wa injiniya inuwa?

Aka ja layi, kowa ya kama kunyarsa, aka duƙa. Ya sauke allura a kan Mai Kujera. Shiru. Mutane na duƙe, fartanya a sama, ana jiran bugun farko. Shiru dai.

"Kunnen Duniya, mu sara ko mu jira?" in ji Ado daga duƙen.

"Ku saurara! Yana tahowa!"

Da ya taho kuwa, gaba ɗaya ya taho. Wani ya saki fartanya ya dafe ƙirji. Aka dai daure aka fara sara. To, manomi da kiɗa yake sauke hannu, bugu ɗaya sara ɗaya, layi ya tafi tare. Shi wannan mai ganga bakwai, ba ka san wacce za ka bi ba. Wasu suka bi ta sama, suna sara kamar masu kashe maciji, suna haɗawa da geron. Wasu suka bi ta ƙasa. Can sai gangunan duk suka ɗauke, aka bar mai molon ƙarfe shi kaɗai yana kuka, ya hau, ya sauko, ya sake hawa, har tsawon abin da za a ci tuwo a wanke hannu. Layi ya tsaya cak. Mutane suka miƙe suna riƙe da ƙugu.

"Me kuka tsaya yi? Nan ne zuciyar faifan!"

"Muna jira ya gama kukan ne, mu yi masa gaisuwa."

Aka ci gaba. Da layi ya yi nisa da gawo, sai wata matsala ta fito: ganga tana da ƙafa, garmaho ba shi da ita. Na gaba ba sa jin komai sai kamar sauro. Mai tsari ba ya rasa dabara. Iliyasu ya naɗa gammo, ya ɗora garmahon a kan sheƙar shamuwarsa, ya rataya batirin mota a kafaɗa da igiya, ya biyo bayan manoma. Takalmi mai dunduniyar turmi a cikin jiƙaƙƙen yashi. Duk taku ɗaya allura ta yi tsalle, mawaƙin ya haɗiye rabin ihunsa ya koma baya. Don kada ta yi tsalle, sai ya riƙa tafiya a hankali, wuya a sandare, ƙugu na juyawa, kamar amaryar da aka ɗora wa tulu ranar farko. Ba a taɓa yin gayyar da manoma suka fi kallon baya ba.

A lokacin ne aka ji ta.

Daga gonar Inna Hure, tsallaken iyaka, ganga ɗaya, sanda ɗaya. Sabo ne yake kaɗa wa jikokin tsohuwa su uku. Bai ɗaga murya ba, bai dubi kowa ba. Ya yi ta kaɗa musu nasu. Can, kamar hannunsa ne ya kuskure, sai gangar ta juya ta faɗi wani abu da kowa ya sani.

Ado ya tsaya. Kunnensa ya motsa.

"Ado na Abdulƙadir!" Muryar Sabo ta ratso. "Sa maganin ƙasa mai tauri! Ubanka bai taɓa jin wannan ya tsaya ba, ko kai aka canza a wanka?"

Ado ya dubi Iliyasu, ya dubi garmahon da ke kansa.

"Kunnen Duniya, shi wannan naka, ya san sunan ubana?"

"Ado, wannan kiɗa ne na duniya baki ɗaya, ba ya kiran mutum ɗaya."

"To ni ana kirana."

Ya ɗaga fartanya sama, ya yi kururuwa, ya tsallake iyaka da gudu, ya faɗa gonar tsohuwa, ƙasa na tashi. Ba a jima ba gangar ta sake juyawa, wani ya tsallaka. Ta sake, biyu suka tafi tare, don wa da ƙane ne, takensu ɗaya. Ba wanda ya tafi don ƙeta. Kowa sai ya ce, "Yanzun nan zan dawo, in amsa kawai." Sabo yana da taken kowa, kuma ranar nan bai manta ko ɗaya ba.

Iliyasu ya ga layinsa na zubewa kamar haƙoran tsoho. Ya ce lokacin babban makami ya yi. Ya ruga gindin gawo don ya ɗauko Mai Tsani, na ɗaya a duniya. Ya tarar rana ta riga shi saurare. Mai Tsani ya lanƙwashe kamar ganyen kabewa, Mai Kare ya tattare gefe guda, Tsirara, da ba shi da ko kwalin kare kai, ya yi laushi har da shatin tsakuwa a jikinsa. Duk da haka ya ɗora Mai Tsani. Faifan yana juyawa yana hawa yana sauka, allura na bin sa kamar kwalekwale, batiri kuma ya fara gajiya. Ƙaton mawaƙin nan da ya tsinka igiyar akuyoyi ya koma nishi a hankali, kamar sa a mayanka.

"Ku dawo! Wannan wurin ne na ce muku ba kamarsa! Ku dawo ku ji!"

Mutum biyu ne suka rage masa. Ɗaya kurma ne. Ɗayan baƙo ne daga Shanono da ya zo ganin 'yarsa, Sabo bai san takensa ba.

Kafin azahar gonar Inna Hure ta yi fes kamar tafin hannu, tsohuwa na ta rangaɗa guɗa da muryar da ta rage mata. Da Sauda ta iso da ƙoren tuwo, 'yan gayya suka tsallako suka ci, don ba a raina abincin mai gayya, wannan rashin kunya ne. Suka yi masa addu'a Allah Ya sa albarka, suka ce ƙarfi ya ƙare, rana ta yi. An noma wa Iliyasu kunya tara. A cikin taran ma, uku an sare geron an bar ciyawar.

Sauda ta tattara ƙoren, ta kife su ɗaya kan ɗaya. Ta dubi mijinta, gammo na nan a kansa.

"Malam, ka ce ba na hangen nesa. Ga nesan, mun iso."

Washegari da aka sauko daga masallaci, Baffa Kassimu ya tako har gonar, Sama'ilu na biye. Ya tsaya a bakin iyaka ya dubi harƙiya tana kaɗawa a iska. Iliyasu ya gyara tsayuwa zai yi bayani a kan bambancin zafin ranar Afirka da ta Turai. Baffa bai ko juyo ba.

"Sama'ilu, ga gonarka. Sauda da yaranta su riƙa karɓar mudunsu a gidanka har kaka. Shi kuma ya ci na ɗaya a duniya."

Sama'ilu ba mai magana ba ne. Ya kai wa Sabo goro da ban haƙuri, ya samu mutum takwas, suka kwana uku suna fama da ƙasar da ta riga ta bushe. Rabin geron ya tafi, rabi ya farfaɗo. Da ya fitar da kai ya fara ɗaukar ido, sai jan-baki suka sauko garin, tsuntsayen nan da in suka yi wa gona sallama ba sa barin na zakka. Kowa ya fita da gwangwani da majajjawa. Sauda, da yake yanzu cikinta da na 'ya'yanta a gonar nan suke, ta buɗe akwati ba ta nemi izini ba. Ta ɗauko faya-fayen, ta zura musu igiya ta hujin nan na tsakiya, ta ba Sama'ilu, ya ɗaure kowanne a kan doguwar gora, ya kafa a kusurwa huɗu. Da yake sun lanƙwashe, ko iska kaɗan ta taɓa su sai su yi ta juyi suna walƙiya. Jan-baki su taho gari guda, su hango, su karkata su sauka a gonar maƙwabci.

Sai ga mutane har daga ƙauyukan kusa suna zuwa kallo, suna tambayar ko akwai saura a sayar musu. Baffa Kassimu da kansa ya tsaya ya daɗe yana duban na kusurwar gabas, ya ce wallahi bai taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, ashe dai yaron nan bai dawo hannu wofi ba.

Kunnen Duniya na tsaye a kan hanya, don yanzu iyakarsa ke nan. Ya cire tabarau, ya hura masa iska, ya nuna gorar gabas ɗin da yatsa.

"Kun gani? Mai Tsani ke nan. Tun yaushe nake faɗa muku shi ne na ɗaya?"

Ba wanda ya musa masa. Shekara uku yana neman wanda zai gane ƙarfin faya-fayen nan, ga shi Allah Ya kawo masu ganewa dubu-dubu, kuma su ko kunnawa ba a yi ba suka gudu.